Yadda injin surfani ya riƙe mini fasfo a Khartum

A bakin Kasuwar Libya da ke Omdurman mutumin da ya kawo ni ya ajiye ni. Ya ce in zauna a gindin wata rumfa in kula da jakata, zai je ya ga wanda zai buga mini bizar Jidda. Na zauna. Rana ta take, ta juya, masu shaguna suka fara janyo ƙofofi, ban tashi ko zagayawa ba, don tsoron kada ya zo bai same ni ba ya ce ni na saɓa alkawari. Ni haka Allah ya yi ni. Tun ina yaro a Haɗejiya, in na rufe ƙofa sai na koma na taɓa kwaɗon, in na yi nisa kuma zuciyata ta ce ban taɓa da kyau ba. Mutumin nan bai dawo ba har yau.

Wani dattijo mai gasa agashe, wato tsiren da Hausawan can suka shahara da shi, shi ya lura da ni. Ya goge hannu a gefen rigarsa ya zo ya tsaya a kaina, ya yi mini magana da wata irin Hausa ta mutanen da, wadda Larabci ya shiga cikinta.

"Tun hantsi nake ganinka kana gadin jaka. Wa kake jira?"

Na gaya masa.

"Wani dogo mai haƙorin Makka?"

Na ce shi.

"Tashi, ya waladi, ɗana. Ba kai ne na farko da ya ajiye mini a gindin rumfar nan ba."

Sunansa Baba Haruna. A gonakin auduga na Jazira aka haife shi, can mahaifinsa ya yada zango a hanyar Makka bai ƙara gaba ba. Shi ma ban ruwa ya yi a gonakin mutane har ƙarfinsa ya fara raguwa, sannan ya kwaso iyali ya dawo birni. Ya kai ni gidansa a Dar Salam, can bayan gari, inda gidajen ƙasa suke jere babu itace ko ɗaya, ruwan sha ma sai jaki ya jawo shi a tanki. Ya sa mini angarib, gadon igiya, a ƙarƙashin rumfar tsakar gida. Bai tambaye ni yaushe zan tafi ba.

Yana da 'ya, Ikhlas, wadda ta yi karatun kwamfuta, tana aiki a wani shagon gyara a Khartum. Hausarta rabi ce. Takan fara magana da ita, in ta kai tsakiya sai ta zame cikin Larabci, ubanta ya ce, "Dawo gida, 'yar nan, baƙon bai bi ki ba." Tana kirana Ammu Sale, wato Baffa Sale. Tun asuba take fita sai magariba, saboda haka gaisuwa ce kawai ke haɗa mu.

Da Baba Haruna ya ji cewa surfani ne sana'ata, na yi shekaru ina aikin wuyan riga a Kano, sai ya ce ya san inda za a so ni. Muka shiga hafila, ƙaramar bas ɗinsu, muka tsallake gadar Farin Nilu zuwa Mantiƙa Sina'iya, unguwar masana'antu. Tsakanin wani gareji da shagon masu walda akwai wurin ɗinki na Mu'allim Babikir. Ƙaton mutum ne mai farin rawani, mai son dariya, mai son a san ko shi ɗan wane ne. Yana da wani babban injin surfani mai allurai da yawa, wanda ya saya na hannu daga waje. Waya ɗaya ce ta haɗa shi da wata tsohuwar kwamfuta a kan tebur. Za ka ɗaure yadi a firam, ka zaɓi zane a kwamfuta, ka sa wa aikin suna, ka tura, inji ya kama. Ban taɓa ganin irinsa ba, ni da na tsaya a firamare, amma zare da yadi na san su, sauran kuma ya koya mini cikin 'yan kwanaki.

Mu'allim ne ya nema mini iƙama, takardar zama ta 'yan watanni. Da aka gama sai ya buɗe wata durowar ƙarfe ya jefa fasfona ciki ya kulle. Ya ce nan ya fi aminci, a hafila akwai masu yankan aljihu. Har godiya na yi masa.

Watannin farko sun yi daɗi. Mu'allim yana da wani shago a kasuwar Omdurman, can yake yini, ya bar ni da injin da kuma Adam mai guga, wani mutumin yammacin ƙasar mai yawan tsokana. A ƙofar wurin, gindin itacen maina, Hajja Zahra take da murhun shayi da 'yan kujerunta. Kullum da safe in tsallake gada, da yamma in koma, kwandasta yana kaɗa yatsu yana karɓar kuɗin mota, ni kuma ina kallon ruwa ina tuna kogin garinmu da masu kamun kifi.

Sai wata rana na yi wa jallabiyar wani Muhammad Ahmad zanen wuyan wani Muhammad Ahmad ɗin daban. Mu'allim bai yi faɗa ba. Dariya ya yi har rawaninsa ya goce, ya kira ni zol, yadda suke kiran mutum a can.

"Ya zol, ai rabin garin nan Muhammad Ahmad ne! Shi ya sa muke kiran mutum da suna huɗu: shi, da ubansa, da kakansa, da uban kakan."

Shi ya manta da maganar kafin la'asar. Ni kuwa ta zauna mini a ƙirji. Daga ranar duk wanda ya kawo aiki sai na tambaye shi sunansa huɗu, in rubuta su duka a gurbin sunan aiki, da haruffan Larabci da na koya a makarantar allo, don Mu'allim ya iya karantawa. Bayan ɗan lokaci na ga ai mutum biyu suna iya haɗa kaka, sai na ƙara unguwa. Daga baya na ƙara launin yadi.

Ranar da abin ya fara, wata farar jallabiya ce a kan firam. Inji yana tafiya lafiya, sai fuskar kwamfutar ta koma shuɗiya gaba ɗaya, da wani farin rubutu na Turanci. Injin bai tsaya ba. Allura ta dinga sukar wuri ɗaya, ta dinga suka, kafin in kai hannu ga makunni ta huda yadin. Na kashe komai na kunna. Sai ya ci gaba da aiki kamar ba abin da ya faru.

Ba kullum yake yi ba, abin da ya fi ruɗa ni ke nan. Wani lokaci a yi kwanaki lafiya. Wani lokaci da na tura aiki zai faɗi, wani lokaci sai ya kai tsakiya, wani lokaci ma sai ya gama na cire yadi ina shan shayi sannan in waiwaya in ga shuɗin nan. Mu'allim ya kawo masu gyara. Na farko ya goge komai ya sake zubawa. Na biyu ya canza wayar. Wani ya ce zafi ne, aka sayo fanka aka kafa wa kwamfuta, mu muna gumi ita tana shan iska. Kowanne in ya gama sai ya gwada, ya danna harafi ɗaya ko biyu a gurbin suna, ya tura, inji ya yi aiki tsaf, ya tafi. Mu'allim da kansa yakan zauna ya yini a kansa, yana sa wa ayyuka suna ɗaya, biyu, uku, ba ya faɗuwa. In na karɓa, bayan kwana kaɗan sai shuɗi.

Adam ya ce kambun baka ne, ya kawo turaren wuta ya zagaya injin da shi. Ya koma kirana Faki Sale, wai ni malami ne da injin yake tsoro. Mu'allim ya daina dariya. Ya fara tambayata me nake taɓawa in ba ya nan, ko na taɓa buɗe bayan injin, ko na zuba masa ruwa na ɓoye. Na rantse masa. Amma in na kwanta sai in bi yinin tun daga farko ina neman inda na yi ɓarna. Na koma wanke hannu kafin in taɓa linzamin kwamfuta. Kuma da yake tsoron kuskure ya ƙaru, sai na ƙara tsananta kula. Bayan suna huɗu da unguwa da launi, na shiga ƙara ranar da za a karɓa, da kalar zare, wani lokaci har da gargaɗi ga kaina cewa a kula da gefen hagu.

Ana cikin haka ƙanena ya kira daga gida. Ya ce idon Baba ne, mahaifinmu. An kai shi asibiti, likita ya ce hasken yana tafiya ne a hankali, kuma wanda ya tafi ba ya dawowa. Ya ba shi wayar.

"Sale, yaushe za ka zo?"

Na ce kwanan nan, Baba.

"To. Ba don komai ba. Ina so ne in gan ka da idona, tun suna nan."

Washegari na sami Mu'allim na roƙe shi fasfona. Ya saurare ni har na gama, ya ce Allah ya ba da lafiya, sannan ya dafa durowar.

"Injin nan kafin ka zo ko tari bai taɓa yi ba. Wakilin kamfanin da ya ƙera shi zai zo daga waje wata mai kamawa. In ya duba ya ce babu hannunka, ga fasfonka, ni da kaina zan kai ka tasha. Kafin nan ba inda za ka."

Wata ya kama, wakili bai zo ba. Aka ce sai bayan azumi. Iƙamata ta ƙare, sabuntawa kuma sai da fasfo, fasfo kuma sai wakili ya zo.

A lokacin ana yawan kasha, wato kamen waɗanda ba su da takarda. Wata safiya aka tsayar da hafilarmu a bakin gada. 'Yan sanda suka leƙo suna tambayar kowa takardarsa, suka sauke mutum biyu da ke gabana. Na fara haɗa jawabin da zan yi, na gaskiya, don ni ban iya wani ba. Sai wata tsohuwa da ke gefena, wadda ban taɓa gani ba, ta ɗora mini kwandonta a cinya ta hau ni da faɗa da Larabci, wai na zauna kamar gunki na bar uwata da kaya. Ɗan sandan ya dube mu ya yi murmushi ya wuce. Da muka tsallake ta ɗauke kwandonta ba ta ko kalle ni ba, ta sauka a tashar gaba.

Daga ranar ban sake hawa gadar ba. Na aika wa Baba Haruna cewa aiki ya yi yawa, zan riƙa kwana a shago. Na shimfiɗa kwali tsakanin bandiran yadi. Duniyata ta koma daga injin zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa gindin maina, sai ɗan masallacin masu gareji da ke bayanmu. Ko bakin titi ba na leƙawa. In mota mai launin ta 'yan sanda ta shigo layin, sai in tsinci kaina a bayan tebur ina neman allurar da ba ta faɗi ba. Warin man dizal da ƙarar walda suka shiga jikina, har in na rufe ido ina ganin tartsatsi. Hajja Zahra ta lura ba na zuwa cin wake da sauran ma'aikata. Ba ta tambaye ni ba, sai dai kullum ta turo mini shayi da madara, da zalabiya, irin fankensu, mai zafi, in na miƙa hannu aljihu ta ce, "Ajiye, ya waladi, ba yau ba."

Kowace Juma'a nakan kira gida. Baba ya daina tambayar yaushe. Yakan ba ni labari ne kawai. Ya ce yanzu in mutum ya shigo zaure, da tsayinsa yake gane shi. Ya ce ya daina zuwa kasuwa. Ni kuwa in na kashe wayar sai in zauna gaban injin in dube shi. Har na kai ga yarda cewa ni na lalata shi ta wata hanya da ban sani ba, kuma in wakilin ya zo abin da zai faɗa ke nan. Ina jiransa, ina tsoron zuwansa.

Wata Asabar da hantsi sai ga Baba Haruna a ƙofa da ƙunshin agashe, Ikhlas tana bayansa, ranar hutunta ce. Ya dube ni, ya dubi kwalin da nake kwana a kai.

"Wannan ne aikin da ya yi yawa?"

Ban iya ɓoyewa ba, na gaya musu komai. Baba Haruna ya yi ta salati. Ikhlas ta ja kujera ta zauna gefen kwamfutar, ta ce in yi aiki ɗaya yadda na saba, tana kallo. Na ɗaure yadi, na zaɓi zane, na fara rubuta suna. Ina rubutu, ina rubutu, har farkonsa ya shige ya ɓace daga ɗan gurbin.

"Ammu Sale, wannan suna ne ko huɗubar Juma'a?"

Na ce don kada a rikita kayan mutane ne.

"Kullum haka kake yi? Masu gyaran sun gan ka kana yi?"

Na ce a'a, in sun zo tashi nake in ba su wuri.

Ta sa na cire yadin. Ta sa wa aiki suna da harafi biyu ta tura, inji ya yi ta bugun iska lafiya. Ta sake, ta cika gurbin da haruffa har ta gaji da dannawa, ta tura. Shuɗi. Ta kashe ta kunna, ta maimaita, gajere lafiya, dogo shuɗi. Ta ɗauki hoton farin rubutun da wayarta, ta nuna mini wata kalma a ƙasansa, ta ce wannan sunan mai laifin ne.

Ta yi bayani, rabi Hausa rabi Larabci, ubanta yana mayar da ita hanya. Ta ce kwamfuta ba ta jin yaren injin, shi ma ba ya jin nata. Akwai wata ƙaramar manhaja a tsakaninsu da ke yin tafinta, ana ce mata direba. Kowace na'ura da aka jona wa kwamfuta tana da nata. In aka turo aiki, direban yakan keɓe ɗan wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta ya ajiye sunan. Wanda ya rubuta wannan direban ya keɓe wuri kaɗan, yana zaton ba wanda zai wuce shi, kuma bai sa shi ya auna sunan kafin ya zuba ba. In suna ya fi wurin, ragowar sai ta malala ta hau kan abin da ke ajiye a gefe. Ta ƙara da cewa a nan harafin Larabci yana cin wurin na boko biyu, saboda haka nawa yana saurin cika.

Baba Haruna ya gyara zama. "Kamar a Jazira ke nan. Ka buɗe wa gonarka ruwa, kunya ta cika, ya tsallaka gonar maƙwabci."

"Haka ne, Yaba."

"In maƙwabcin bai shuka komai ba, ba wanda zai sani. In ya shuka, sai bayan kwanaki a ga auduga ta yi rawaya, a rasa dalili."

Ta ce shi ne abin da ya sa wani lokaci ba ya faɗuwa, wani lokaci kuma sai daga baya. Ya danganta da abin da malalar ta samu a gefe, da lokacin da kwamfuta za ta koma neman abin nan ta tarar an taka shi. Na tambaye ta me ya sa komai ke mutuwa gaba ɗaya. Ta ce manhajoji na yau da kullum a zaure suke zama, in ɗaya ta yi hauka sai a fitar da ita a rufe ƙofa. Direba kuwa a cikin gida yake, yana taɓa abin da ya ga dama. In ya yi ɓarna, kwamfutar ba ta san iyakar ɓarnar ba, sai ta gwammace ta tsayar da komai.

Na ce, "To ashe ni ne. Da hannuna na yi."

"La, la, la, ya Ammu!" Har ta buga tebur. "Gurbin ya hana ka? Ya ce maka ya isa? Kai ka rubuta abin da ya karɓa. Aikin direban ne ya auna, in ya yi yawa ya ƙi, ko ya yanke. Wannan tsohon ciwo ne, an san shi, a shagonmu muna gani. Ɓarayi ma da gangan suke neman irinsa, su tura abin da zai malala daidai inda suke so, su karɓe kwamfutar mutum. Kai suna kawai ka rubuta."

"In ruwa ya tsallaka," in ji Baba Haruna, "mai tsaron bakin magudana ake tambaya."

Na ce to a gyara. Ta daɗe tana bincike a wayarta. Ta ce gyaran sai waɗanda suka rubuta shi, su fitar da sabo. Kuma kamfanin ya daɗe da barin wannan samfurin, ba sa yi masa komai kuma. Maganin da ya rage shi ne gajeren suna.

"Wakilin fa?"

Ta ɗago ta dube ni, ta sassauta murya. "Ammu, ba na jin akwai wakilin da zai hau jirgi don injin da ya tsufa haka."

Na zauna a kan bandir. Duk watannin nan wanda babu shi nake jira.

Baba Haruna ya ce kada kowa ya tari Mu'allim da maganar kai tsaye, mutum ne mai jin kansa. Bayan azahar da ya zo, Baba Haruna ya sa Hajja Zahra ta kawo shayi, suka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi iyali da kasuwa da zafin bana. Sannan Baba ya ce 'yarsa tana ɗan taɓa aikin kwamfuta, ta ga wani abu, in ba damuwa.

"Injiniyoyi nawa suka zo nan," in ji Mu'allim, "maza masu gemu."

"Gaskiya ne, ya Ammu," in ji Ikhlas. "Ni ba zan taɓa komai ba. Kai za ka zauna. Ka sa wa aikin sunanka ka tura."

Ya zauna yana ƙunƙuni, ya rubuta Babikir, ya tura. Inji ya yi aiki. Ya buɗe hannuwa yana kallona.

"Yanzu sunanka cikakke, har inda ka sani."

Nan fuskarsa ta saki. "Har inda na sani? 'Yata, ai sai ki nemi wurin zama." Ya shiga dannawa da yatsa ɗaya, yana kiran kowane suna da ƙarfi. Wannan shi ya haƙa rijiya a ƙauyensu. Wannan ya yi hajji a kan raƙumi. Wannan yana da jirgin ruwa a arewa. Adam ya ajiye dutsen guga ya matso, Hajja Zahra ta tsaya a ƙofa da faranti a hannu. Da ya kai inda ya sani, ya gyara rawani, ya tura.

Injin ya ɗaga allura, ya yi 'yan bugu, fuskar kwamfuta ta koma shuɗiya.

Ba wanda ya yi motsi. Dariya ta kuɓuce wa Adam ya mayar da ita tari. Mu'allim ya daɗe yana kallon shuɗin.

"Kakannina ne suka kashe shi?"

"Kakanninka lafiyarsu ƙalau," in ji Baba Haruna. "Ɗakin da aka tanadar musu ne ƙarami."

Ikhlas ta fara bayani, ya ɗaga mata hannu. Ya tashi ya buɗe durowar, na zata fasfona zai miƙo mini, amma ya juya mana baya, ya ɗauki abin da zai ɗauka ya sa a aljihu, ya kulle, ya fita ko shayinsa bai shanye ba.

Kwanakin da suka biyo sun fi na baya nauyi. Yakan leƙo da sassafe, ya yi magana da Adam, ya fita, ba ya duban inda nake. Na ce shi ke nan, mun kunyata shi a gaban ma'aikacinsa da mai shayi, yanzu ko wakili ya sauko daga sama ba zai sake ni ba. Na koma sa wa ayyuka lamba, hannuna yana ƙaiƙayin ƙari, sai in rubuta cikakken sunan a 'yar takarda in maƙala wa rigar da fil. Injin bai sake faɗuwa ba. Ranar Juma'a ban kira gida ba, don ban san abin da zan ce ba.

Wata safiya Hajja Zahra ta shigo da farantin shayi da kanta, abin da ba ta saba ba. Ta ajiye, ta ɗaga kwanon zalabiya. A ƙarƙashinsa akwai wani abu naɗe a ƙyallen farin yadi. Na warware. Fasfona ne, a cikinsa da sabon hatimin izinin fita.

"Tun ranar nan Mu'allim yake zirga-zirga a ofishin baƙi," in ji ta. "Kullum a layi, da girmansa. Ya ce in ba ka. Ya ce kuma ka tafi, kada ka je masa sallama."

Na haɗa jakata. Na kai har gindin maina, na tsaya. Ba zan iya barin garin mutane da nauyin yadin da ya lalace a hannuna ba, ko da an ce ba laifina ba ne. Na jira har Mu'allim ya iso. Ya wuce ni ya shiga, ya zauna gaban kwamfuta yana nuna wa Adam yadda ake tura aiki. Na bi shi na yi sallama. Na ce na zo neman yafiya, a kan rigunan mutane da suka huje.

Bai juyo ba.

"Ya zol, ban ce kada ka zo ba?"

"Ka ce, Mu'allim."

"Ni na riƙe ka, kai kake neman yafiya?" Ya danna wani abu, inji ya tashi da ƙara, sai da ya ɗaga murya. "Na yafe. Kai ma ka yafe. Tafi. Allah ya sa ka same shi yana gani."

Na tsallake gada a kujerar taga, fasfo a cikin rigata, hannuna a kansa. Na kwana biyu a Dar Salam. Baba Haruna ya raka ni har inda ake rakiya, Ikhlas ta aiko mini da ƙunshin dabino ta ce a kai wa Baba.

Da hantsi na isa Haɗejiya. Baba yana zaune a zaure a kan tabarma, ya juya fuskarsa wajen ƙofa. Na yi sallama ya amsa, na durƙusa a gabansa. Ya ƙura mini ido, ya karkata kai.

"Matsa ta wajen haske."

Na matsa bakin ƙofa. Ya daɗe yana dubana, har na fara jin tsoro.

"Sale," ya ce, "ka rame."